Kwabon da Gwaggo Fes Ta Wanke

A bayan ƙofar ɗakin Gwaggo Fes akwai ƙusoshi bakwai a jere, kuma da wuya ka leƙa ka tarar da ɗaya babu makulli a rataye. Duk na maƙwabta ne. Wanda zai yi tafiya, da matar da za ta asibiti tana tsoron yara su taso daga makaranta su tarar da gida a rufe, da direban ƙarshen layi wanda ya riga ya ɓatar da makulli uku, duk wurinta suke kawowa. Ba ta yi karatu ba, amma ba ta taɓa miƙa wa wani makullin wani ba. Na Tela, matar da ƙofarta ke kallon tata, shi ne mai jan zare, kuma ya fi shekara goma yana zuwa yana komawa a ƙusa ta farko. Da za ka tambayi Gwaggo abin da ta tara a duniya ba za ta nuna maka ƙusoshin nan ba, don ba ta da fariya, amma su ne.

Aikinta shara da goge-goge a gidan adana kayan tarihi. Ta shiga ne shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da wani keke marar sarƙa, kuma da tsintsiya da tsumman gidan nan ta rene su, har biyu suka yi nasu gidajen, Auta kuma ta zama malamar makaranta. Sunan Fes ma a can ta samo shi. In ta gama goge gilashi sai ta ja da baya taku biyu, ta karkata kai, ta dube shi ta inda haske ke faɗowa, ta ce, "Fes." Ma'aikata suka riƙe, unguwa ta ɗauka, har sunanta na ainihi ya koma sai a takardar ɗaukar aiki.

Shi kuwa gidan, Allah ya jiƙan wanda ya gina shi, don tun bayansa babu wanda ya ƙara masa ko ƙusa. Ƙofofi uku ne, maigadi ɗaya. Ƙararrawar ɓarayi ta mutu a wata tsawa da aka yi tun Auta tana firamare. Kyamara na nan a kusurwa tana kallon kowa ba ta ganin komai, kuma Gwaggo ce kaɗai ke ba ta girmanta, duk Alhamis ta hau kujera ta share mata yanar gizo. Shugabanni huɗu ta gani. Kowanne in ya zo sai ya zagaya da hannu a baya, ya girgiza kai, ya ce zai rubuta takarda zuwa sama. Da a ce takardun nan suna toshe taga, da babu gidan da ya kai wannan tsaro a garin.

A ɗaki na uku akwatin tsofaffin sulalla yake, dogo mai murfin gilashi, an shimfiɗa masa koren karammiski da rana ta cinye wa launi. Su arba'in da biyu ne, na azurfa da na tagulla, waɗansu an ce sun haura shekara dubu. Gwaggo ba ta iya karanta 'yan takardun da ke gefensu ba, sai ta raɗa musu nata sunayen, akwai Mai Ƙaton Hanci, akwai Gurgun Doki, akwai Tagwaye. Amma nata na kanta wani ɗan kwabon tagulla ne a layi na biyu, mai hoton tsuntsu ya ɗaga fiffike ɗaya. Ɗan Tsuntsu take ce masa, kuma kullum sai ta gaishe shi ta tambaye shi kwanan gida. Ma'aikata suna dariya, suna ɗauka so ne kawai. So ne, amma da tsoro a ciki.

Shekara goma sha tara da suka wuce, an yi wani ruwa mai yawa, ta zo da safe ta tarar rufi yana ɗiga daidai kan akwatin, ruwa ya bi gefen gilashin ya fara jiƙa karammiskin. Babu kowa sai ita. Makullin akwatin yana aljihun Malam Mai Tabarau, jami'in da ke kula da sulallan a lokacin, shi kuma bai iso ba. Ta kama kusurwar hagu ta ɗaga za ta ture akwatin daga ƙarƙashin ɗigar, sai murfin ya zame baya da kwaɗonsa da komai, ya buɗe. Ashe katakon da ke riƙe da ƙarfen ya daɗe da ruɓewa, kwaɗon ado ne kawai.

Ta tsane sulallan ɗaya bayan ɗaya da gefen mayafinta. Da ta zo kan Ɗan Tsuntsu ta juya shi, sai ta ga bayansa kore shar, har ya yi ɓawo. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin tukunya da baƙi ta wuce. Ta ce, "Haba bawan Allah, shekara nawa rabonka da wanka?" Ta kai shi ɗan ɗakin da take ajiye bokiti, ta ɗauko soson ƙarfe da garin sabulu, ta dirje shi kewaye-kewaye yadda take dirje gindin tukunya. Sai ga jan tagulla yana ƙyalli, ga kan wani mutum ya fito da gemunsa da kunnensa. Saura ɗan kaɗan a bayan kunnen ta jiwo takun Malam Mai Tabarau a baranda. Ta yi sauri ta mayar da kwabon, tsuntsu a sama, ta ja murfin ta rufe. Niyyarta gobe ta ƙarasa, ta bi sauran arba'in da ɗayan ma, ranar da suka yi fes ta kira Malam ya zo ya sha mamaki.

Allah ya so sauran, don a ranar aka kawo ɗalibai. Gwaggo tana bayansu da tsintsiya lokacin da Malam ya buga yatsa a kan gilashin ya ce, "Kun ga koren nan? Ba datti ba ne. Shekarunsa ne, fatarsa ce. Duk wanda ya kankare shi ya kashe kwabon, ko da niyyar alheri ya yi. Ni a wurina gara ɓarawo da mai soso, don ɓarawo ana iya kama shi a karɓo kaya." Ɗalibai suka yi dariya. Gwaggo ta jingina da bango.

Ba ta faɗa ba. Tana da bakuna uku a gida, kuma ta tabbata korarta za a yi. Ta ce gobe, gobe ta zama wata, wata ya zama shekara, har Malam Mai Tabarau ya yi ritaya, daga baya ya rasu bai sani ba. Cikin shekara goma sha tara babu ma'aikaci ɗaya da ya taɓa ɗaga kwabon nan ya ga bayansa, wannan kaɗai ya ishe ka sanin irin kular da ake yi a gidan. Abin da ya fi cin ta shi ne maganar murfin. Ta san akwatin a buɗe yake, amma in ta faɗa za a ce ta yaya ta sani, daga nan kuma sai bayan Ɗan Tsuntsu. Sai ta naɗe guntun kwali ta cusa a ƙarƙashin kusurwar, kuma duk sabon shugaban da ya zo sai ta russuna ta ce, "Ranka ya daɗe, akwatin nan fa ya tsufa." Shi kuma ya ce za a rubuta takarda.

Saura mata wata biyar ta yi ritaya abin ya faru. Ranar Litinin ce, bayan an yi kwana biyu gidan yana rufe. Ta shigo ta tarar da sawun taɓo tun daga tagar baya har ɗaki na uku. Ta yi tsaki, ta ce Maigadi ya sake shigowa fakewa ruwa da ƙattin takalmansa. Ta ɗebo ruwa ta wanke ƙasan sau biyu, ta goge dandamalin tagar ma. A kan gilashin akwatin ga shatin hannu nan, yatsu biyar cif, wani a kan wani. Ta fesa ruwan sabulu tana mita, ta bi da tsumma, ta bi da busasshe, ba ta bar ko ɗigo ba. Sannan ta ja da baya taku biyu, ta karkata kai. Bakinta ya buɗe zai faɗi abin da ya saba, sai ta ga babu komai a kan karammiskin sai da'ira arba'in da biyu, kore mai duhu, inda rana ba ta taɓa samu ba.

Sufeton da aka turo mutum ne mai sanyin magana, da alamar gajiya a idonsa. Ya tsaya a bakin ɗakin ya dubi ƙasa tana walƙiya, ya dubi gilashi, ya shaƙi ƙamshin sabulu.

"Wa ya goge wurin nan?"

"Ni ce, ɗana."

"Duka, Baba?"

"Duka. Har tagar."

Ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya zagaya akwatin ya ja kwaɗon, ya ga a kulle yake, ba a fasa gilashi ba, makulli kuma yana aljihun Shugaba. Ya ce wanda ya yi aikin nan ya san akwatin. Ya tambayi Shugaba, ya tambayi Maigadi, sannan ya juyo gare ta.

"Baba, shekara ashirin da shida kina goge shi. Kin san wata hanya da ake buɗe shi ba da makulli ba?"

Ta dubi da'ira ta uku a layi na biyu. Ta ce, "Ban sani ba."

Ba a tsare ta ba. An dai ce ta zauna a gida sai an neme ta. Amma labari ya riga ta isa unguwa, an ce an kwashe dukiyar gidan tarihi, kuma mai sharar ce ta goge sawun ɓarayi tas kafin 'yan sanda su zo. Babu wanda ya zo ya ce mata ɓarauniya, ai an san kunya. Direba ne ya fara zuwa, ya ce zai kai makullinsa a yanka masa wani, bai dawo da shi ba. Matar mai gyaran rediyo ta ce ƙanwarta ta zo, yanzu kullum da mutum a gida. Kowa da dalilinsa mai kyau, kuma kowa sai ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗa. Tela ce ta ƙarshe. Ta zo ta tsaya tana murza gefen zaninta, ta ce, "Yaya, maigidan ne ya ce..." ta kasa ƙarasawa. Gwaggo ta sauko mata da mai jan zaren da hannunta, ta ce, "Ba komai, ki gaishe shi." Da ta rufe ƙofa ta ga ƙusoshi bakwai tsirara, ta zauna a bakin gado ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar mijinta.

Auta ta so ta bi gida-gida ta wanke su tas, uwar ta hana. "Inna, ke da ko allura ba ki taɓa ɗauka ba," in ji Auta, tana huci. Maganar ta fi zargin maƙwabta yi wa Gwaggo ciwo, don gaskiya ce, kuma ba ita ce duk gaskiyar ba. Wata huɗu ta yi tana tashi da safe ta ɗaura ɗankwali, sannan ta tuna babu inda za ta. Ta goge tagogin gidansu har Auta ta ce za ta huda su.

Ranar da Sufeto ya aiko a zo, Auta ta ɗauki izini a makaranta ta raka ta. An kama sulalla goma sha ɗaya a shagon wani dillalin tsofaffin kayan tarihi. Ga su nan a kan teburin Sufeto, an jera a kan farar takarda, ga dillalin a zaune da lauyansa, ya harɗe ƙafa. Ya ce gadon kakansa ne, kuma irin waɗannan akwai dubbai a duniya, duk kamarsu ɗaya. Aka ce Shugaba ya kawo hotuna, ashe ba a taɓa ɗauka ba. Aka ce ya kawo littafin da aka rubuta su, ya ce gara ta cinye shi tun zamanin wanda ya gabace shi. Ya sunkuya ya leƙa sulallan ya ce, "Kamar dai su ne." Lauya ya yi murmushi ya ce kotu ba ta san kamar ba.

Gwaggo tana kan benci a bakin ƙofa, amma tun daga nan ta hango shi. Na huɗu daga dama, fiffike ɗaya a sama. Ta ga Gurgun Doki ma, da ɗaya daga cikin Tagwaye, babu ɗan'uwansa. Ta ji kamar ta ga ɗanta a cikin taro.

Sufeto ya tattara takardunsa ya ce, "In babu wanda zai nuna min alama guda da za ta tabbatar na gidan tarihi ne, dole in mayar masa da kayansa."

Ta san abin da zai biyo baya in ta buɗe baki. Za ta ce ta taɓa buɗe akwatin, a gaban mutumin da ta ce wa ba ta sani ba, a gaban Auta da ke rantsuwa da ita. In ta yi shiru kuwa, babu mai kama ta da komai, sai dai a nannaɗe Ɗan Tsuntsu a takarda ya tafi inda ba za a sake yi masa ina kwana ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ɗana, kada kowa ya taɓa. Na huɗun can, mai tsuntsu. Bayansa ba kore ba ne kamar sauran, ja ne. Akwai kan mutum mai gemu. Za ka ga zane-zane kewaye-kewaye, na soson ƙarfe ne. A bayan kunnensa an bar kore kaɗan, bai kai ƙwayar gero ba."

Sufeto ya sa bakin biro ya juya kwabon, ya sunkuya a kansa, ya daɗe. Dillali ya sauke ƙafarsa.

"Baba, daga benci kike, kuma ba a taɓa nuna miki su ba. Ta yaya kika san bayansa?"

"Ni na wanke shi. Shekara goma sha tara ke nan. Na ɗauka datti ne."

"A cikin akwatin da yake kulle?"

"Ba a kulle yake ba. In ka ɗaga kusurwar hagu, murfin zamewa yake yi."

"Amma na tambaye ki, kika ce ba ki sani ba."

"Ƙarya na yi maka, ɗana. Tsoro na ji."

Ba ta dubi Auta ba, ba ta iya ba. Sai ta ji an riƙe mata hannu, an matse, irin matsewar da Auta ke yi mata tana ƙarama in za su tsallaka titi.

Kafin la'asar dillali ya manta da kakansa, ya tuno sunan wanda ya sayar masa. Ɗaya ne daga cikin masu fentin da aka kawo gidan mako biyu kafin satar. Ya dafa kusurwar akwatin zai hau tsani, murfin ya motsa, shi kuma ya riƙe abin a ransa. Sauran talatin da ɗayan sun riga sun bi hannuwa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da Sufeto ya rako Gwaggo bakin ƙofa ya ce, "Baba, ba don ke ba da waɗannan ma sun tafi. Amma da kin faɗi maganar murfin nan tun tuni, da duka suna nan." Ta ce, "Na sani." Ba ta kare kanta da maganar kwali ko ta takardun shugabanni ba, ko da yake tana da hujjar yi.

Shugaba ya rubuta mata takardar gargaɗi a kan lalata kayan tarihi da ɓoye bayani. A tarihin gidan nan ita ce takarda ta farko da ta isa inda aka aika ta, kuma cikin kwana biyu. Ta yi ritaya ba taro ba jawabi. An kawo kafinta ya gyara murfin, an sa sabon kwaɗo, ƙararrawa kuwa an ce ana jiran amsa daga sama. Ranar da ta je kwashe bokitinta da silifas ɗin aikinta ta tsaya a kan akwatin. An mayar da sha ɗayan, kusan duk ba a da'irarsu ba, sai da ta nuna wa Shugaba wurin kowanne. Ta gaida Ɗan Tsuntsu, ta ce ya yafe mata, ta goge wani shatin yatsa da gefen mayafi ta fito.

A unguwa labari ya sake riga ta isowa, wannan karon da ƙarin gishiri. Ta zauna a ɗaki kwana uku, kunya ta hana ta ko leƙa waje. A da ana zarginta da abin da ba ta yi ba, yanzu kowa ya san wanda ta yi. Da hantsin rana ta huɗu aka yi sallama. Tela ce, da zare a wuya da almakashi a aljihu, ta miƙo makulli mai jan zare.

"Yaya, za ni asibiti duba surukata. In yara sun taso."

Gwaggo ba ta miƙa hannu ba. Ta ce, "Ki tsaya tukuna, ƙila ba ki ji duka ba. Na yi wa hukuma ƙarya. Na ɓata abin da aka ba ni amana, na rufe bakina shekara goma sha tara."

"Na ji duka. Na kuma ji babu wanda ya matsa miki kika tashi kika faɗa." Tela ta kama hannunta ta buɗe, ta sa makullin ta rufe mata yatsu. Idon Tela ya ciko, amma bakinta bai bar halinsa ba. "Ni ce da neman gafara, Yaya. Ki rataye min shi a wurinsa. Roƙona ɗaya, ya ɗan yi tsatsa, don Allah kada ki sa masa soson ƙarfe."

Gwaggo ta yi dariya har ta dafa ƙofa, dariyar ta juye ta koma wani abu daban, Tela ta yi kamar ba ta gani ba ta tafi. Gwaggo ta juya bayan ƙofa ta rataye makullin a ƙusa ta farko. Ta ja da baya taku biyu, ta karkata kai tana kallonsa. Gaskiya ne, ya yi tsatsa a wuya. Ta bar masa abarsa.